Gasar badujala a Amurka: me yaro ke tsinta a cikinta?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda 'ya'yansu suka yi makaranta a nan Amurka. Yarona Sadik, ɗan shekara 17, yana busa ƙaho a badujalar sakandarensu, ban taɓa hana shi ba tunda harkar makaranta ce. To yanzu ya ɗaga abin sama. Wai yana son zuwa gwaji a watan Nuwamba, ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke gasar Drum Corps International, wadda suke ce wa DCI. Na duba takardarsu, kuɗin shekara ya haura dala 5,000, ban da na mota da na gwajin kansa. Za su tafi da shi tun tsakiyar Mayu, sai Agusta zai dawo, kuma ko sun ci kofi ba a ba shi ko kwabo. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Ina so in ji daga bakin wanda ya san abin: me yaro ke tsinta a ciki?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Dala 5,000 don a je a yi ta maci a cikin rana? Malam, ka haɗa masa kuɗin a cikin na jami'a. In motsa jiki yake so ga ƙwallo nan kyauta a bayan gida.

Nura Mai Ƙaho:
Baban Sadik, barka da ƙoƙari. Ni na yi wannan harka lokacin ina jami'a, a wata ƙungiya da ba ta cikin manyan nan masu ɗaukar kofi. Alhaji ma yana da gaskiyarsa a kan kuɗi, zan dawo kansa. Amma bari in fara da yadda abin yake, don wanda bai gani ba zai ɗauka maci ne kawai.

Ƙungiya ɗaya tana iya kai mutum 165, kuma duk matasa ne, da zarar ka haura shekara 21 zuwa 22 ka gama ke nan. Akwai masu ƙaho, akwai masu ganga, akwai masu wasa da tuta da bindigar katako da takobi. Wasan gaba ɗayansa minti 11 ne zuwa 12, a kan filin ƙwallon Amurka. Don waɗannan 'yan mintoci ake kwashe wata guda ana atisaye daga safe har dare kafin a fara yawon gasa. Barci a ƙasan ɗakin wasanni na makarantu, ko a kujerar bas cikin dare, abinci daga wata babbar mota da aka mayar kicin.

Kowane mutum yana da ɗigonsa a fili. Ana ba ka lissafi: a bugu kaza, ka kasance taku kaza daga layin yadi 40, taku kaza daga gefen fili. Irin waɗannan ɗigo sun fi ɗari a wasa ɗaya, ka rubuta su a ɗan littafi ka rataya a wuya da igiya har ka haddace. Takun ma aunanne ne, taku 8 a yadi 5, wato inci 22 da rabi kowanne. In ka kauce da tafin ƙafa ɗaya, malamin da ke saman hasumiya zai hango layin ya karkace, ya kira sunanka a lasifika a gaban kowa. Kai kuma abin da ake so ka yi shi ne ka ɗaga hannu, alamar ka ji, ka koma da gudu inda aka faro. Babu bayani, babu "ai wane ne ya ture ni".

Wannan shi ne abu na farko da na tsinta, kuma har yau da shi nake cin abinci a wurin aiki. A yi maka gyara a gaban jama'a, ka karɓa, ka gyara, ba ka ƙullaci kowa ba. Mu da muka taso a gidajen Hausawa mun iya yin shiru in babba yana faɗa, amma sau da yawa shirun nan da ciwo a ciki, sai a kwana uku ana kumburi. A can gyara yana zuwa maka sau da yawa a wuni ɗaya har ka daina jin sa kamar zagi.

Tsohon Saja:
Nura, wannan ai fareti ne irin namu. Su sojoji ne ke koya musu?

Nura Mai Ƙaho:
A'a Baba, amma daga wajenku abin ya samo asali. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su American Legion da VFW, da majami'u da 'yan sikawut, su suka riƙa kafa ƙungiyoyin ganga da begila a unguwanni don su kama yara daga yawon banza. Su ne kuma ke shirya gasar da dokokinsu. Daga baya ƙungiyoyin suka ga dokokin sun matse su, sai suka ɓalle suka kafa DCI, aka yi gasar farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin, Anaheim Kingsmen suka ci. Yanzu malaman kiɗa da na rawa ne ke koyarwa, kayan ma sun fi kama da na wasan kwaikwayo. Amma tsayuwar nan cak da kiyaye lokaci, gadon bariki ne.

Tsohon Saja:
To ai shi ke nan. Baban Sadik, ka bar yaro ya tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na horar da kurata, na san bambancin yaron da ya taɓa tsayawa a sahu da wanda bai taɓa ba. Wanda ya sha rana a fareti ba ya makara, ba ya barin takalminsa da datti, ba ya gardama.

Malama Hauwa:
Baba Saja, "ba ya gardama" ɗin nan ne ni ke ba ni tsoro. Ina koyarwa a firamare a Zariya, kuma ni ke shirya yaranmu macin ranar yara, 27 ga Mayu, da na 1 ga Oktoba. Na ga amfaninsa, ba na musu. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai a aji, sai ka ga an ba ta tuta ta miƙe kamar ba ita ba. Amma na kuma ga yara suna zubewa a fili saboda an jera su tun sassafe ana jiran babban baƙo, ba ruwa ba inuwa, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙishi yake ji. Wannan ba tarbiyya ba ce. Nura, a can in yaro ya gaji ko ya ji ciwo, yana da bakin magana?

Ustaz Bello:
Kafin a amsa wa Malama, ni ma ga tawa. Maganar kayan kiɗa malamai sun yi saɓani, kowa ya san mazhabar da yake bi, ba zan buɗe wannan babin a nan ba. Tambayata ita ce salla da abinci da cuɗanya. Yaro musulmi wata uku a cikin bas da waɗanda ba addininsu ɗaya ba, wa zai tashe shi asuba?

Nura Mai Ƙaho:
Ustaz, ba wanda zai tashe shi. Gara in faɗa muku haka kai tsaye. In bai riƙe sallarsa da kansa a gida ba, can ba zai riƙe ba. Ni na gaya musu tun ranar farko, kuma ba su taɓa hana ni ba. Ina haɗa azahar da la'asar a hutun cin abinci, tunda matafiyi nake, a bayan motar kaya inda akwai 'yar inuwa. Akwai wani mai ganga, ba musulmi ba ne, shi yake riƙe mini farantin abincina don kada layi ya watse kafin in idar. Abinci kuma suna tambaya tun a takardar shiga, in ka ce ba ka cin alade sai su ware maka, ko ka bi layin masu cin ganye. A zamanina azumi ya faɗo daidai lokacin atisayen Mayu da Yuni, wannan ya yi wuya ƙwarai. Yanzu azumi ya koma wajen Fabrairu da Maris, Sadik ba zai gamu da wannan ba.

Cuɗanya akwai. Maza da mata bas ɗaya, fili ɗaya, wurin kwana ne ake raba ɓangare. Wurin wanka na makarantu ne, sau da yawa babu labule, dole yaro ya san dabarar da zai yi wa kansa sutura. Ƙungiyar Madison Scouts da can maza ne zalla, suka buɗe wa mata ƙofa a 2019. Cavaliers na Rosemont a jihar Illinois su ne suka rage maza zalla.

Maman Iklima:
Ni dai ina bayan Maman Sadik, kuma ba don kuɗi ba. A nan jihohin kudu na Amurka muke, inda badujalar jami'o'in baƙar fata take da farin jini fiye da ƙwallon kanta. A watan Nuwamba na 2011, wani jagoran badujalar jami'ar Florida A&M ya mutu a cikin bas a Orlando, bayan 'yan'uwansa na ƙungiya sun yi masa dukan al'ada, irin wanda suke yi wa mutum wai don ya zama cikakken ɗan gida. An dakatar da badujalar, shugaban jami'ar ya sauka, an ɗaure wasu. Za ku ce ai wannan jami'a ce, ba DCI ba. To a 2018 jaridar Philadelphia Inquirer ta fito da labarin matan da suka zargi shugaban Cadets da cin zarafinsu shekara da shekaru, ya ajiye aiki. Cadets fa, ƙungiyar da aka kafa tun 1934, mai kofi 10. Yau babu ita, ta durƙushe a 2024. Me ya sa aka daɗe ba a ji ba? Saboda an koya wa yaran nan ɗaga hannu su koma sahu, kamar yadda Nura ya faɗa da bakinsa. Wanda aka horar kada ya yi bayani, ranar da aka zalunce shi ma ba zai yi ba.

Tsohon Saja:
Hajiya, ɓata-gari akwai su a ko'ina, har a makarantar allo da ta boko. Ba a hana yara karatu don haka ba.

Maman Iklima:
Baba, makaranta yaro yana dawowa gida da yamma in ga fuskarsa. Wannan wata uku ne a jihohin da ban taɓa takawa ba.

Nura Mai Ƙaho:
Anti, maganarki tana kan hanya, kuma ita ce amsar tambayar Malama Hauwa. Duk abin da kika kawo ya faru. Ni ma na ga ƙaramin irinsa. Akwai wani malami da muka yi, in ransa ya ɓaci sai ya jinkirta hutun shan ruwa, a rana irin ta Texas a watan Yuli, inda robar fili take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wata yarinya mai tuta ta yi kwanaki tana taka ƙafar da ta tsage a ƙashi, don tana tsoron a ba wata gurbinta. Kowa ya ga tana ɗingishi. Da abin ya fito, shugaban sashenmu, yaro ne ɗan shekara 21, ya je ya sami shugaban ƙungiya ya ce masu ƙaho ba za su koma fili ba sai an kafa lokacin ruwa wanda ba malamin da zai taɓa shi. Aka kafa. Ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba a cikin tsarana, kuma a wannan filin ya koye ta.

Don haka ni ban yarda da Baba Saja ba cewa amfanin abin shi ne yaro ya daina gardama. Gyaran taku daban, wulaƙanci daban, kuma wanda ya sha gyara na gaskiya sau dubu shi ya fi saurin gane ranar da abin ya tashi daga gyara. Bayan 2018 DCI ta tsaurara dokoki a kan binciken ma'aikata da hanyar kai ƙara, manyan ƙungiyoyi kuma suna tafiya da masu kula da lafiya. Amma doka a takarda take. Uba ya kira su ya tambaya: wa ke kula da lafiya a tafiya, wa yaro zai kai wa ƙara in malaminsa ne ya cuce shi, ana karɓe waya ko ba a karɓewa. In suka yi ta kwana-kwana, ka san inda ka dosa.

Alhaji na Bronx:
Duk na ji. Har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da dala 5,000 za ta saya wanda aikin hutu a shago ba zai koya masa ba. Shago ma ai akwai zuwa a kan lokaci, akwai faɗan maigida, kuma shi ake biya.

Nura Mai Ƙaho:
Alhaji, akwai abu biyu da ban same su a shago ba, kuma na yi aikin shago.

Na ɗaya sai na ɗan yi lissafi. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Daga bayan fili zuwa gabansa kusan mita 49 ne. In ana kiɗa mai sauri, bugu 180 a minti, sautin wanda ke baya yana isa gaba a makare da kusan rabin bugu. Saboda haka in kana can baya ka ce za ka bi abin da kunnenka ke jiyowa daga gaba, ka ɓata wasan, ko da kai a wurinka daidai kake ji. Dokar ita ce na baya ya kalli hannun jagora ya busa da ido, na gaba kuma ya saurari gangunan da ke bayansa. Wato kana busa abin da a kunnenka ya yi kamar ka riga kowa, don ya isa wurin 'yan kallo tare da na sauran. Sai da na yi makonni kafin zuciyata ta yarda da wannan. Daga nan na san cewa abin da nake ji daga inda nake tsaye ba shi ne dukan labarin ba, kuma wani lokaci na sama da ke hango fili duka ya fi ni sanin inda nake. Yau in mun yi saɓani da matata ko abokin aiki, wannan filin nake tunawa kafin in rantse cewa ni ke da gaskiya.

Na biyu shi ne faɗuwa. Maki 100 ne, alƙalai suna raba shi tsakanin kiɗa, da tsarin tafiya, da yadda wasan ya ratsa mutane. A 2008 Phantom Regiment na Rockford suka doke Blue Devils a wasan ƙarshe da 98.125 a kan 98.100. Ku duba tazarar. Yara sun ba da bazararsu gaba ɗaya, aka raba su da kofi da abin da bai kai rabin rabin maki ba. Kuma a daren ƙarshe duk ƙungiyoyi 12 da suka kai wasan ƙarshe suna jere a fili, ana karanto maki daga ƙasa zuwa sama, kana tsaye ƙiƙam, ba ka da damar ko sunkuyar da kai. Ka ji sunanku a inda ba ku so, ka sara, ka tsaya har a gama yi wa wanda ya ci kiɗa. Blue Devils ɗin nan dai su suka dawo a 2014 suka kafa 99.65, makin da ya fi kowanne a tarihin gasar. Mu ƙungiyarmu ko cikin 12 ɗin ba ta shiga ba, a Indianapolis muka zauna a kujerun 'yan kallo a filin Lucas Oil muna tafa wa waɗanda suka fitar da mu. Yaron da aka saba ce masa shi ne gwani a makarantarsu yana bukatar wannan daren.

Malama Hauwa:
Wannan maganar sauti ta warware mini wani abu. Kullum in mun jera yara masu yawa, na ƙarshen layi ƙafarsu ba ta haɗuwa da ta na gaba, ina ta yi musu faɗa ashe gangar ce ke isa gare su a makare. Bana zan sa mai ganga a tsakiya in gani.

Ustaz Bello:
Na gamsu da bayanin salla, Allah ya saka. Amma ina nan a kan cewa shekara 17 ta yi ƙanƙanta ga irin wannan tafiya. A bari ya shiga jami'a, a ga yadda yake riƙe kansa in ba idon iyaye.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Nura, ka ce za ka dawo kan kuɗi.

Nura Mai Ƙaho:
E, Yaya. Kada ka ci bashi saboda wannan, ko kusa. Harkar tana cin kuɗi har su kansu ƙungiyoyin suna nishi: Santa Clara Vanguard da suka ci kofi a 2018 sai da suka zauna a gida a 2023 saboda aljihu. Kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa abin da aka fara don 'ya'yan talakawan unguwa yanzu ya fi sauƙi ga masu hali.

Akwai rukuni na biyu da ake kira Open Class, tafiyarsu ba ta kai ta manyan tsawo ba, kuɗinsu ma bai kai ba, kuma da yawansu 'yan sakandare ne. Nan ya kamata ya fara. Sannan ka bar shi ya nemo wani kaso na kuɗin da guminsa, yawancinmu haka muka yi, aikin hunturu da neman tallafi wurin dangi da malamai. In ya ji nauyin tara kuɗin ya janye, ka huta. Gwajin Nuwamba kuwa kwana biyu ne zuwa uku a ƙarshen mako, ko ba a ɗauke shi ba za su rubuta masa inda yake da rauni. Ku je tare da mahaifiyarsa, ta ga wurin kwanan, ta ga masu dafa abincin, yawanci iyayen yara ne 'yan sa-kai, ta yi musu duk tambayoyin da Anti Maman Iklima ta kawo.

Maman Iklima:
In dai uwar za ta je da ƙafarta ta gani, ba ni da ta cewa. Amma a ba yaron wata kalma tsakaninsa da ita, wadda in ya faɗa a waya ta san a zo a ɗauke shi, ba sai ya yi bayani a gaban kowa ba.

Tsohon Saja:
Ni dai har gobe ina ganin kun cika lallashi. Amma maganar ruwa na yarda da ita, mu ma a bariki kwamandan kirki ba ya wasa da ruwan kurata. Malama Hauwa, in kin sa mai gangar a tsakiya, ki sa dogayen yara a gefen dama su riƙe layi, sauran su riƙa duban kafaɗarsu ta wutsiyar ido. Ki dawo ki ba mu labari bayan 27 ga Mayu.